Hanyar da Ta Kauce wa Istanbul

Dare ya raba a Keshan, shayi ya huce a kofi.
Na shimfiɗa taswira bisa tebur,
na danne kusurwa ɗaya da gwangwanin gishiri,
ɗaya da tabaran Nurten
wanda ya daina yi mata amfani.

Ɗazu jikana Tolga ya miƙo min waya:
"Kaka, ga hanya miƙe sambal,
ku ratsa Istanbul, ku haye gada,
kafin isha'i kun sauka."
Yaro man kaza.
Shekara talatin da ɗaya ina jan tasi a birnin nan,
na san gadar kamar yunwar cikina.
A kanta furfura ta same ni,
ƙafar hagu kan kuloci, ta dama kan birki,
ina kallon jar fitilar na gabana
har in haddace lambar motarsa,
mai tallar ruwa ya wuce ni sau uku, a ƙafa.

Ranar Talata likita ya yi ƙasa da murya,
yana juya biro tsakanin yatsu:
hasken da ya rage a idonta
na shekara ne, in an taki sa'a biyu.
Ba zan ƙarar da shi a bayan tirela ba.

Shi ya sa fensirina ya gangara kudu
alhali gabas muka nufa.
Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.
Gelibolu da asuba, jirgin fito na farko,
mu bar mota a ƙasa, mu hau sama,
ta gutsuri burodi ta jefa wa tsuntsayen teku,
farare ne, tana iya ganin fari.

Bursa na zagaye ta nesa-nesa
kamar yadda ake zagaye kare mai barci.
Mu bi gonakin zaitun zuwa tafkin Iznik,
mu iso rana na wanke ƙafa cikin ruwa.
A nan za a kwana.
Sai Goynuk, sai Mudurnu,
gidajen katako sun jingina da juna
kamar tsofaffi a layin fansho.
Ankara tana can hannun dama,
ta sha zamanta, ita da hayaƙinta.

Na rubuta a gefe: taya, man birki, bargo,
maganin ɗigawa sau uku a rana,
kada a tuƙa bayan la'asar.

Daga Amasra za a fara wahala mai daɗi,
kwana bayan kwana, giya ta biyu,
kurmi na sauka har bakin ruwa
zuwa ƙauyensu, can saman Inebolu.
A nan fensir ya tsaya mini:
teku zai faɗo ta gefen direba,
ita kuwa dutse kawai za ta gani.
To, ta koma baya, daidai ƙeyata,
fasinjata ta ƙarshe.
Ba zan kunna mita ba.

Ban ji tahowarta ba, sai hannu a kafaɗata.
Ta laluba takardar, ta bi sawun fensir da ɗan yatsa.
"Rustem, kwana nawa ke nan?"
Na ce shida.
"Yaron ya ce wuni ɗaya."
Na yi shiru. Ta yi 'yar dariya.

"Na yarda. Amma a dawowa ka bi da ni ta gadar,
da magariba, lokacin da ta fi cushewa.
Shekara talatin kana zaginta a kan tabarmar cin abinci,
ban taɓa ganinta da dare ba.
An ce fitilun motoci kan jeru jajaye
kamar carbin da ba shi da ƙarshe.
Wannan ai ba sai da tabarau ba."

Na daɗe ina kallon gwangwanin gishiri.
Sannan na ja aljihun tebur,
ina neman abin goge fensir.